Gwaggon Tebur Na Shida

Ranar Asabar ɗin da za a yi zaɓen, Bulumko Matiwane ya riga mai gadi zuwa ƙofar zauren. Kwat ɗin yayan abokinsa Tashreeq ce a jikinsa. Kafaɗunta sun sauko masa har damtse, hannuwanta sun haɗiye yatsunsa, ga iskar birnin Gqeberha da ba ta san girman kowa ba tana shiga ta ƙasa tana hura shi kamar balan-balan. Tashreeq ya iso, ya zagaya shi sau ɗaya yana ƙare masa kallo, ya ce idan iskar ta tashi da shi ya taimaka ya faɗo a cikin gari, don yayansa yana da ɗaurin aure gobe.

"Kai dai yi ta surutu," in ji Bulumko. "Anjima in an kira sunana, sai ka nemi izini kafin ka gaishe ni."

Abin da ya tara su ba ƙarami ba ne. Akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin ɗaliban jami'a baƙar fata, da 'yan uwansu irin su Tashreeq, duk dai waɗanda mulkin wariya ya rufe wa iyayensu ƙofar karatu. In ta ɗauke ka, ka huta: makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, har ka gama. Sannan ta haɗa ka da jagora, wani babba da ya yi nisa a sana'ar da kake karantawa, ya riƙe hannunka har ka tsaya da ƙafarka. Ɗalibai talatin ne suka kai matakin ƙarshe, jagorori kuma goma. Kowane jagora da teburinsa. Ɗalibi zai zaɓi tebur uku, kowane tebur minti biyar, ana kaɗa ƙararrawa ka tashi ko kana tsakiyar kalma. A ƙarshe kowane jagora ya rubuta suna ɗaya a kati. Goma su yi dariya, ashirin su fita neman motar gida.

Bulumko yana shekara ta biyu a karatun injiniyan ruwa da gine-gine. Tallafin da cocinsu na Cofimvaba ya ba shi na shekara biyu ne, kuma ya ƙare tare da jarrabawar makon jiya. In bai samu wannan ba, babu shekara ta uku. Watan Janairu zai same shi a ƙauye bayan shanun baffansa, rabin injiniya, yana yi wa maruƙa bayanin ƙarfin siminti.

Amma wa ya ga alamar tsoro a fuskarsa? Mako uku yana haddace jawabinsa. Ya yi wa madubi, ya yi wa fasinjojin motar haya har wata tsohuwa ta roƙi direba ya ƙara sautin rediyo, ya yi wa karen mai gidan da yake haya a unguwar Motherwell. Minti huɗu da daƙiƙa arba'in cif, sauran ashirin ɗin ya ware su don murmushi. Jawabin a kan wani bincike ne da ya yi da kansa, na shanu da bututun ruwa, kuma a ganinsa duk wanda ya saurare shi har ƙarshe sai ya nemi biro.

Ƙarfe tara Misis Fortuin ta hau mumbari. Ita ce mai kula da shirin, doguwar mace mai takalmi mai tsini, ƙararrawar tagulla a hannun dama, agogon lissafin daƙiƙa a wuya. Ta ce ba ta ƙara wa kowa daƙiƙa ɗaya, ko ɗan da ta haifa ne, ta kaɗa ƙararrawa, zauren ya rikice da jan kujeru.

Tebur na biyu wani injiniyan hanyoyi ne mai ƙaton ciki. Bulumko na buɗe baki wayar mutumin ta yi ƙara, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar a yi masa haƙuri, ya shiga faɗa da wani a kan motar tsakuwa. Rabin jawabin ya ji, rabin kuma tsakuwa ta tafi da shi. Tebur na huɗu wata mata ce mai fara'a. Tana jin kalmar shanu ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana share hawaye, ta ce ya burge ta ƙwarai. Bulumko ya taso yana murna, sai da ya yi taku uku ya tuna ba ta rubuta komai ba.

Bai damu ba. Dama waɗannan biyun ɗumama murya ne. Tebur na shida ya zo wa.

A nan Injiniya Nombeko Tyali take zaune, wadda ta gina madatsun ruwa uku a lardin, wadda malamansu ke kawo aikinta a aji. 'Yar gajeruwa ce, gashinta ya yi fari, tabarau a ƙarshen hanci. Bulumko ya gaishe ta da hannu biyu, ya zauna, ya ajiye takardar bincikensa, ya ja numfashi. Ita kuwa ta duba sunan da ke maƙale a ƙirjinsa.

"Matiwane. To, wannan na gwamnati ne. Ɗan wane gida ne kai?"

"Tolo ne ni, Mama."

Sai ta ajiye biro.

A wurinmu, mu Xhosa, sunan da ke katin shaida don banki da asibiti aka yi shi. Sunan gaskiya shi ne isiduko, sunan kakan kakanni da dangi duka ke amsawa. Mutum biyu ko ba su taɓa ganin juna ba, ko tsakanin garuruwansu tafiyar yini ce a mota, in dai isiduko ɗaya ne, jini ɗaya ne. Babu aure tsakaninsu. In an yi mutuwa ka je, in an yi yanka ka ci. Kuma ba a jin sunan a yi shiru.

Injiniya Tyali ta cire tabarau, ta miƙe tsaye, ta buga tafin hannu a tebur. "Tolo! Dlangamandla! Mchenge!"

Bulumko bai san lokacin da ya miƙe ba. Jikinsa ne ya yi abin da kansa, kamar yadda aka koya masa tun yana yawo ba wando. Ya sunkuyar da kai, ya karɓa mata da sauran sunayen kirarin dangin, ita ta jefo, shi ya cafe, har masu tebur na biyar da na bakwai suka daina magana suka juyo. Ta ce ita MamTolo ce, wato 'yar gidan Tolo, daga garin Ngqushwa, Tyali sunan miji ne. Ta tambayi sunan babansa, da na kakansa, da gefen da garkensu yake kallo, da ko an samu ruwan sama a Cofimvaba bana. Ta ce akwai wani Tolo da ya tashi daga wajensu zamanin kakanta ya yi arewa da shanu saboda rigimar gona, ƙila ma shi ne tushensu. Bulumko ya ce ai kuwa kakansa ya sha faɗin wata rigimar gona. Ta riƙe hannunsa biyu, ta ce kalli goshin nan, goshin gidanmu ne, ba ya ɓuya.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ya fito daga wurin yana ta washe baki, zuciyarsa fes. Sai da ya kai layin abinci, an ɗora masa fanke biyu da cinyar kaza a faranti, sannan abin ya faɗo masa. Ko kalma ɗaya ta jawabin bai faɗa ba. Mako uku na hadda, da karen mai gida da tsohuwar cikin mota duk sun ji, wadda aka yi domin ta ba ta ji ba.

Tashreeq ya yi dariya har fanke ya shaƙe shi. Ya ce shi dai tun daga teburin masu haɗa magunguna ya jiyo hayaniyar, ya zaci wani ne ya ci caca. Ya ce wasu sun zo neman tallafin karatu, wani ya zo neman 'yan uwa, kuma alhamdulillahi kowa ya samu abin da ya zo nema.

"Wallahi ku kun iya ɓata lokaci," in ji shi. "Mu in an ce wane ne kai, ka ce Tashreeq, shi ke nan an wuce wurin."

Bulumko ya ce masa wanda bai san kakansa na bakwai ba ai dole ya gama da wuri. Ya faɗa ne kawai don kada a bar shi ba amsa.

Ƙarfe ɗaya aka koma zaure. Misis Fortuin ta riƙe katuna goma tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jin daɗin azabtar da mutane. Tebur na biyu, wani yaro mai tabarau. Tebur na uku, Tashreeq Davids. Tashreeq ya yi tsalle ya taka ƙafar Bulumko, Bulumko ya rungume shi da gaske. Tebur na huɗu, matar mai dariya ta zaɓi wata daban. Na biyar ya wuce.

"Tebur na shida. Bulumko Matiwane."

Yadda ya tsallake layin kujeru biyu, har yau ana gardama a kai. Kwat na tashi a bayansa, yatsu sun fito daga maɓoyarsu, ya isa gaban Injiniya Tyali ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ɗaga murya yadda har mai gadi a waje ya ji: "Gwaggo, na gode!"

Aka yi tafi, aka yi guɗa. Cikin hayaniyar ne Misis Fortuin ta ƙarasa sauran katunan. Da ta zo na tara ta juya shi gaba da baya, ta ce babu suna. Mai teburin, wani dogon siririn mutum ana ce da shi Mista Moodley, injiniya a ma'aikatar tace ruwan ƙazanta, ya ɗaga kafaɗa ya ce bai ji abin da ya isa a rubuta ba. Ɗalibai sun san halinsa, shi ya sa ma kaɗan suka zaɓi teburinsa, Bulumko kuwa ko kallon wajen bai yi ba. Mutumin ya tattara jakarsa ya fara sallama da abokan aikinsa.

Saura abu ɗaya. Kowane jagora da ɗalibinsa za su zo gaban Misis Fortuin su sa hannu a wata takarda mai layi biyu, cewa babu dangantaka tsakaninsu. An kafa dokar ne tun shekarar da wani jagora ya zaɓi ɗan ƙanwar matarsa, aka yi ta surutu har gidauniyar ta kusa rufewa. Tashreeq da nasa jagoran suka sa hannu suna hira. Da layi ya zo kan na shida, Misis Fortuin ta ajiye takardar, ba ta saki biron ba.

"Kamar na ji ka ce gwaggo."

Bulumko ya fara bayani da sauri, cewa yau ne ya fara ganinta, garinsu daban, sunansu daban. Misis Fortuin ta tsayar da shi. Ta ce a garin nan aka haife ta, ba sai an koya mata isiduko ba, maƙwabciyarta ma MamTolo ce. Ta ce ita ba alƙali ba ce, ba za ta bi diddigin kakannin kowa ba. Takardar tambaya ɗaya take yi, kuma shi ne zai amsa.

"In ba 'yar uwarka ba ce, sa hannu, ka tafi da tallafinka. In 'yar uwarka ce, ba ta da ikon zaɓenka."

Ta miƙa masa biro.

Kafin ya karɓa wata murya ta taso daga baya. Wata ɗaliba ce, Asemahle Ndzube, 'yar ajinsu, wadda ba ta taɓa zuwa ta biyu a jarrabawa ba. Ta miƙe ta tsaya ƙyam. Ta ce ita ma ta zauna a tebur na shida. Ta yi minti biyar tana bayanin aikinta na tace ruwan rijiya, da lissafi da zane. Shi kuwa kowa a zauren nan shaida ne, kirari ya yi. Ta ce ba ta da faɗa da kakannin kowa, tana dai so ta san ko da ta zo da nata kakannin ne da ya fi mata.



Tashreeq ya matso har bakinsa na taɓa kunnen Bulumko. "Mutumina, sa hannu. Ba ƙarya za ka yi ba, ko sunan unguwarta ba ka sani ba. Sa hannu mu fita, a waje ka kira ta gwaggo har ka gaji."

Bulumko ya karɓi biron. Gaskiyar Tashreeq ce, kuma ya sani. Babu kotun da za ta kama shi. Shekara biyu na karatu suna kwance a kan layin nan, da ɗaki, da abinci, da hular kammalawa da mahaifiyarsa ta riga ta zaɓi kayan da za ta saka ranar. Ya ɗora kan biron a takarda. Sai ya ga hannun matar a gefen tebur, hannun da ya riƙe nasa ɗazu. Awa uku da suka wuce ya tsaya a gaban jama'a ya kira sunayen kakannin da aka binne a bayan garke, ta amsa masa. Yanzu kuma ya rubuta, tana kallo, cewa ba abin da ya haɗa su? Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya ce wa hannun ya motsa. Hannun da ke iya kwafar darasin awa biyu cikin minti goma ya tsaya kamar na gunki.

Ya ajiye biron.

"Gwaggona ce, Misis Fortuin. Yau na same ta, amma gwaggona ce."

Tashreeq ya dafe kai ya juya baya.

Injiniya Tyali ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ta juya ga Asemahle, ta ce tambayarta tana kan hanya, kuma za ta amsa. Ta ce ta karanta takardar yaron lokacin cin abinci, aikin yana da kyau, ba ta ji kunyar zaɓensa ba. Amma takardu tara aka ajiye mata yau, tasa kaɗai ta ɗauka ta tafi da ita wurin cin abinci, kuma ta san dalili. Ta karɓi katin, ta ja layi a kan sunan, ta rubuta Asemahle Ndzube da manyan baƙaƙe.

Sannan ta dafa kafaɗar Bulumko. "Ka yafe ni, ɗana. Ni ce babba, ni ya kamata in riƙe bakina sai an tashi. Na cinye maka mintinanka."

Wani a matsayinsa da sai ya nemi kujera ya zauna. Amma Bulumko ya girma ne a tashar mota yana sayar da lemo lokacin hutu, kuma a can ya koyi cewa in babba ya amsa laifi a gaban shaidu, ba a barin maganar ta huce. Ya juya ga Misis Fortuin. Ya tambaye ta, cikin ladabi, tebur nawa doka ta ce a saurari kowane ɗalibi. Ta ce uku. Ya ce shi biyu aka saurare shi, ɗaya ma rabi, kuma ga wadda ta ci na ukun ta faɗa da bakinta, kowa ya ji. Ya ce ba ya neman alfarma, mintinansa biyar yake nema.

Misis Fortuin ta ɗaga gira. Ta ce ko da ta yarda, wa zai saurare shi? Kowa ya riga ya rubuta suna. Kati ɗaya ne ya rage babu komai a kai.

Duk zauren ya juya wajen tebur na tara. Babu kowa. Ta taga aka hango Mista Moodley yana tsallaka filin ajiye motoci, mabuɗi a hannu.

"Doka ta ce sai a cikin zaure?" in ji Bulumko.

Misis Fortuin ta ɗauki ƙararrawarta. "Doka ta ce sai da ƙararrawa."

Abin da mai gadi ya gani ke nan: wani yaro cikin kwat ɗin da ta fi shi ya fito a guje, bayansa wani yana ɗauke da nannaɗaɗɗiyar taswira, bayansu doguwar mace a kan takalmi mai tsini tana gudu da ƙararrawa na kuka a hannunta, bayanta kuma rabin zauren. Mista Moodley ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Misis Fortuin tana haki ta gaya masa yadda ake ciki. Ya dubi agogonsa, ya dubi Bulumko daga sama har ƙasa, ya fito da ƙafar ya jingina da ƙofa.

"Ina ji."

Ƙararrawa ta kaɗa. Tashreeq ya shimfiɗa taswirar binciken Bulumko a kan motar ya kwanta a kai rabin jiki don iska. Bulumko ya buɗe baki, sai ya tarar haddar ta gudu. Gaisuwar farko, da godiya ga gidauniya, da wurin murmushi, babu ko ɗaya. Sai ya yi magana yadda yake yi a tasha.

Ya ce lokacin fari duk Motherwell ja take, ko ciyawa ɗaya babu. Amma masu shanu a unguwar suna sakin su da safe, kuma shanun ba sa yawon banza. Kai tsaye suke tafiya wasu wurare a bakin titi inda ɗan kore ke fitowa. Shi makiyayi ne kafin ya zama ɗalibi, ya san saniya ba ta ƙarya a kan ruwa. In ciyawa ta yi kore babu ruwan sama, to akwai abin da ke shayar da ita daga ƙasa. Wata uku yana bin su da asuba kafin ya tafi aji, yana sa alama. Wuri arba'in da ɗaya. Ya haƙa tara.

"Wa ya ba ka izinin haƙa?"

"Masu shanun, Yallaɓai."

Wani ya yi dariya a baya. Mista Moodley bai yi ba.

Bulumko ya ce a cikin taran, takwas ya tarar da bututun ruwan sha ya tsage yana zuba a ƙasa. Ya ce na'urar neman ɓulin bututu tana da tsada kuma ba ta isa ko'ina ba, shanu kuwa suna nan kyauta, abin da ake bukata kawai wanda zai bi su da waya. Ya fara shiga bayanin yadda za a koya wa makiyayan unguwa tura alama.

"Na taran fa?"

Na taran ba ya cikin jawabin, ba ya cikin takardar, ko Tashreeq bai taɓa jin labarinsa ba. Bulumko ya dubi Misis Fortuin, ta nuna masa agogo. Saura minti ɗaya da rabi.

"Na taran, Yallaɓai, ba ruwan sha ba ne." Ya sosa ƙeya. "Ɗayan ne. Wanda ke fitowa daga gidaje. Na buga shebur sau ɗaya, ya yi mini maraba har gwiwa. Takalmin da na sa ranar, binne shi na yi a wurin. Mai gidanmu ya sa na yi wanka a tsakar gida da bokiti uku kafin ya bar ni na shiga."

Jama'a suka kwashe da dariya, har Asemahle. Amma Mista Moodley ya bar jikin ƙofa. Ya ture gwiwar hannun Tashreeq daga kan taswirar ya ce a nuna masa wurin. Bulumko ya ɗora yatsa. Mutumin ya sunkuya har hancinsa na kusa da takarda, ya tambayi tazarar da ke tsakanin wurin da bututun ruwan sha mafi kusa.

"Taku huɗu."

"Ka auna, ko tsammani kake?"

"Na auna kafin in binne takalmin."

Mista Moodley ya ce wata biyu ke nan yaransa na neman inda layin nan ke yoyo, da mota da na'ura, suna nema titi biyu gaba da wurin. Ya tambayi ko ciyawar wurin ta bambanta da ta sauran takwas. Bulumko ya ce ta fi duhu, ta fi tsawo, kuma shanun na cin gefe-gefe ne su bar tsakiya. Ya tambayi a cikin talatin da biyun da ba a haƙa ba, guda nawa ne shanu ke barin tsakiyarsu. Bulumko ya rufe ido yana ƙirgawa da yatsu cikin hannun kwat.

"Biyar. Ƙila shida."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Mista Moodley ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago daga taswirar ba, Misis Fortuin ta sa masa katin tebur na tara. Ya ɗora shi a kan rufin mota, ya tambayi yadda ake rubuta Bulumko, ya rubuta.

Sai filin ya fashe. Tashreeq ya saki taswirar ya ɗaga abokinsa sama, iska ta yi gaba da ita, mutum huɗu suka bi ta da gudu tsakanin motoci. Bulumko yana ta gode wa duk wanda ya gani, har da mai gadi, har da wani direba da ya tsaya kallo kawai.

Misis Fortuin ta jira aka sauke shi ƙasa, ta fito da sabuwar takarda mai layi biyu. Ta tambaye su, fuska ba wasa, ko akwai abin da ya kamata ta sani. Mista Moodley ya ce kakan kakansa a jirgin ruwa aka kawo shi yankan rake, in akwai Tolo a cikin jirgin ba a gaya masa ba. Ya sa hannu. Bulumko ya sa nasa da sauri har biron ya huda takardar.

"Litinin ƙarfe bakwai, a ma'aikata," in ji sabon jagoran yana shiga mota. "Za mu fara da biyar ɗin nan, ƙila shida. Kada ka zo da takalmin da kake so."

Motarsa na fita wata ta tsaya a gurbinta, gilashi ya sauka. Injiniya Tyali ce, Asemahle na zaune a gefenta da takardu a cinya, har sun fara aiki. Ta yafito Bulumko da yatsa. Ta ce ta ga komai ta taga, bai kunyata gida ba. Ta ce tunda doka ta hana ta zama jagorarsa, to babu dokar da ta hana ta aikensa. Gobe Lahadi akwai taron dangi a gidanta a unguwar New Brighton, za a gabatar da jikanta ga kakanni. Akwai kujeru tamanin da za a ɗauko daga coci, kuma 'ya'yanta duk 'yan birni ne, ba wanda ya san ta inda ake kama akuya.

"Ka iya fiɗa?"

"Na iya, Gwaggo."

"To ƙarfe shida. Ka zo da wuƙarka."